Ɗan Maraya Jos da Mutanen da Ba a Yi wa Kirari

Tun 2015 Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ya rasu, Allah Ya jiƙansa, amma har yau idan ka bi ta tashar manyan motoci da dare, da wuya ka rasa direba ɗaya da ke sauraronsa a waya. Hukuncin kiɗa na bar wa manyan malamai, sun yi saɓani a kai tun kafin a haife mu. Ni abin da mutumin ya faɗa nake son mu duba.

Yawancin makaɗan zamaninsa sarakuna da attajirai suke bi, don can ne ake samun doki da babbar riga. Shi kuwa ya ɗauki kuntiginsa, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tal, ya je ya yi wa karen mota waƙa. Kowa a unguwar nan ya san karen mota. Shi ne ke kwana a kan buhunan goro daga kurmi har Kano, shi ke sa wejin dutse idan mota ta tsaya a kan tudu, taya ta fashe shi ke shiga ƙarƙashi. In an isa lafiya a ce direba gwani ne, in kaya sun ɓata a ce ina yaron motar? Ɗan Maraya ya ba shi girman da ake ba masu rawani. Ban yi mamaki ba, don a Bukuru ya tashi, maraya, garin haƙar kuza inda Bahaushe baƙo ne kamar mu nan. Wanda ya taso a irin wannan wuri ya san a wuyan wa gari yake tsaye.

Waƙarsa ta auren dole kuwa, wallahi ta fi wasu huɗubobinmu shiga kunnen iyaye. Mu mukan kawo hadisin neman izinin budurwa, mutane su gyaɗa kai, su fita su yi abin da suka ga dama. Shi sai ya sa uba ya yi dariya tukuna, sannan ya gane da shi ake.

Inda ban gamsu ba shi ne Gulma Wuya. Gwanintar tana nan, yana sauya murya, ya zama magulmaciya, ya zama boka, ya zama matar gida, kai ka ce mutum huɗu ne a wurin. Amma ya ɗora kayan gulma a kan mace, ya bar maza suna tafi. To mu da ke zama a rumfa mun san gaskiya. Auren da aka kashe a teburin mai shayi bayan isha'i bai gaza wanda aka kashe a tsakar gida ba. Namiji zai ce "ni dai ban ce komai ba", alhali ya gama da mutuncin 'yar mutane tun kafin shayinsa ya huce. Wannan mutumin ya tsere wa kuntigi, kuma mai ido irin na Ɗan Maraya bai kamata ya bar shi ya wuce ba.

Sai kuma maimaici. Wani baitin yakan juya shi har ka ƙosa, musamman a kaset ɗin da aka ɗauka wurin biki, inda ake liƙi yana jan lokaci. Wanda zai nema wa yaransa, ya nemi waɗanda aka ɗauka a gidan rediyo, sun fi tsabta, kuma maganar ta fi fitowa.