Waya Ta Shigo Majami'a, Amma Kada Ta Kori Littafin

A yau idan fasto ya ce a buɗe Romawa sura takwas, matasa da dama aljihu suke kai hannu. Ƙarar buɗe shafi sai daga layin dattawa da matan Zumunta. Littafi Mai Tsarki ya koma cikin waya, kuma abin ya wuce Funtuwa da Malumfashi, ya kai ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A ganina ribar da aka ci babba ce, sai dai akwai asarar da ba mu zauna mun lissafa ba.

Ribar a fili take. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, jikanta zai sa mata Bisharar Luka a katin memori, tana ɓarzar masara tana saurare da Hausa tsantsa. Iyalin da 'yan bindiga suka tasa cikin dare, da wuya su tsaya neman littafi, amma waya tana jikinsu. Kuɗin sabon littafi kuma ya fi ƙarfin manomi da yawa. Duk wanda ya ce a hana waya a sujada bai san halin da mutane suke ciki ba.

Asarar tana wajen karatu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito ne a 1932, bayan shekaru na wahalar fassara da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Daga nan, a ƙauyukan Maguzawa da suka karɓi bishara, majami'a ta zama makaranta. Mai neman baftisma yakan fara da koyon haɗa baƙi, mai bishara yana nuna masa da tsinke a ƙarƙashin fitilar ƙwai. A gidaje da yawa wannan ne littafi na farko da ya taɓa shiga, kuma a bangonsa ake rubuta ranar haihuwar yara. Yanzu, a yankin da rashin tsaro ya girgiza makarantu, musamman tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, muna sakin wannan ajin da hannunmu. Yaron da ya saba a karanta masa ta lasifika ba zai ga dalilin wahalar da kansa ba.

Sannan littafi na gida ne, kowa na iya ɗauka. Waya ta mutum ɗaya ce, da lambar sirrinta. Maigida ya tafi kasuwa, nassi ya bi shi. Caji ya ƙare, sai an biya mai caji. Mutanen yankin nan ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har tsawon watanni. Wanda bai sauke littafin ya ajiye ba, hannu rabbana ya zauna.

Ko a cikin sujada ana jin bambancin. A ce a karanta Zabura gaba ɗaya: wannan yana bin fassarar da ta fito wajen 1980, wancan wayarsa ta buɗe masa Sabon Rai Don Kowa, tsoho yana jan ta 1932 da ka. Kafin aya ta uku muryoyi sun watse, kowa ya yi shiru ya bar wa mai makirufo. Ga kuma aya guda da ake turawa a WhatsApp kowace safiya da hoton fure, ba abin da ya gabace ta, ba abin da ya biyo baya. Mutanen Biriya da aka yaba a Ayyukan Manzanni sura 17, bincike suke yi kullum don su tabbatar da abin da aka faɗa musu, Bulus ne ma mai wa'azin. Mai aya guda ba shi da abin auna wa'azin kowa.

Don haka kirana ga fastoci, katikis da dattawan ikilisiya: ku tsayar da fassara ɗaya ta karatun taro, ku farfaɗo da ajin karatu ko da sau ɗaya a mako bayan sujada, ku ware wani abu daga baikon kaka a saya wa duk wanda aka yi wa baftisma littafinsa. Iyaye kuma, da yamma ku miƙa wa yaro littafin ya karanta da bakinsa, ko da yana tuntuɓe, ku gyara masa.