Agogon da Ke Bin Rana da Wata a Sararin Libreville

Duk ladanin da ya daɗe yana kiran azahar ya san rana ba ta bin agogo sau da ƙafa. A Libreville, babban birnin Gabon, rana takan kai tsaka da misalin ƙarfe 12:06 a farkon Nuwamba, amma a tsakiyar Fabrairu sai wajen 12:36. Rabin awa cur, ga shi kuwa ba a taɓa agogon masallacin Hassan II ba. Dalili biyu ne: hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, sannan ita kanta duniyar a karkace take da kusan digiri 23.4.

To, akwai maƙeran agogo da suka cusa wannan saɓani cikin abin da ake ɗaurawa a hannu, ba batir, ba intanet. Dabarar ita ce wani ɗan faranti mai siffar ƙoda, wanda ke juyawa sau ɗaya tak a shekara. Wani siririn ƙarfe na jingine da bakinsa. Inda bakin ya kumburo sai ƙarfen ya tura allura gaba, inda ya lotsa sai ta ja baya, tsakanin minti 16 na gaba da minti 14 na baya. Sau huɗu a shekara allurar ke tsayawa a sifiri: tsakiyar Afrilu, tsakiyar Yuni, farkon Satumba da kuma wajen 25 ga Disamba. Idan aka ɗan zarce wajen goge bakin farantin, lissafin wata guda ya lalace ke nan.

A shekarar 2000 kamfanin Audemars Piguet ya fito da agogon hannu mai nuna wannan saɓani, haɗe da lokacin fitowar rana da faɗuwarta. Abin burgewa shi ne ana yanka farantansa ne daidai da garin mai saye. A nan Libreville ta zama wurin gwaji mai kyau, don tana zaune ne kusan a kan layin ikwaita, ƙasa da rabin digiri ta arewa. A Janiba ta Suwizalan tsawon yini yakan bambanta da kusan awa bakwai tsakanin Disamba da Yuni. A Kano bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. A Libreville kuwa yini awa 12 ne da 'yan mintoci, rani da damina. Saboda haka ɗan motsin da alfijir da magariba ke yi a can kusan duk daga wancan saɓani na rana da agogo yake fitowa, kuma allurai uku za su riƙa ba da labari ɗaya. Maƙerin da ya san aikinsa zai gane haka, ya rage. Wanda ke neman a ce agogonsa ya fi na kowa tarkace zai bar su duka.

Ni dai a nan nake auna gwani. Kamfanin Vacheron Constantin ya yi agogon Celestia a 2017 da ayyuka 23, ya zo da Solaria a 2025 da 41, kuma ba mai musun wahalar aikin. Amma fuskar agogo ba ta wuce faɗin murfin kwalba ba, kuma ido ɗaya ne zai karanta ta. Gwaninta ita ce kowace allura ta samo motsinta daga giya ɗaya ta shekara, kowace kuma ta zauna inda ido zai neme ta.

Maƙerin agogo Ludwig Oechslin ya taka hanyoyin biyu, na tarkace da na sauƙi. Bayan ya gyara tsohon agogon falaki na Farnese a Batikan, ya ƙera wa kamfanin Ulysse Nardin agogon Astrolabium Galileo Galilei a 1985, wanda ya mai da usɗurlabi, na'urar da malaman falaki Musulmi suka ƙware a kanta, abin ɗaurawa a hannu: matsayin rana, wata, taurari, har husufi. Abin mamaki ne, sai dai karanta shi sai an zauna. Daga baya, a ƙaramin kamfaninsa ochs und junior da aka kafa a Luzan, ya koma ga sauƙi. Agogon nuna wata na yau da kullum yana da giya mai haƙora 59, wato yana ɗaukar wata kwana 29 da rabi, alhali na gaskiya ya ɗara haka da minti 44. Kafin shekara uku ya yi kuskuren kwana guda. Masu tsada sukan sa haƙora 135, kuskuren ya koma kwana ɗaya a shekara 122. Oechslin da 'yan sassa biyar kawai ya kai shi shekara 3,478.

Duk da haka, ɗan kasuwar Mont-Bouët ta Libreville da ya saba duban jinjirin watan azumi zai ga wani abu bai yi daidai ba. Yawancin waɗannan agogo suna zana jinjirin a tsaye, haske ta dama, yadda ake ganinsa a Turai. A Libreville a kwance yake fitowa, ƙahoninsa sama.

Wanda ya fi kusantar bukatarmu shi ne agogon Tonda Hijri na kamfanin Parmigiani Fleurier, da ya ci kyautar ƙirƙira a gasar agogo ta Janiba a 2020. Yana bin zagayen shekara 30 na kalandar Hijira, 19 masu kwana 354 da 11 masu kwana 355, kuma an rubuta sunayen watannin da Larabci. Lissafi yake bi, ba gani ba, don haka yana iya cewa 1 ga Shawwal alhali hukumar ganin wata ta ce a cika talatin.