Gefen Mayafi: Nazarin Yankan Hoto a Ƙasar 'Yankara

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ƙunshi ana jibi ɗaurin aure ya riga ya ga rabin abin da zan yi magana a kai. Takan yayyanka salatif siri-siri, ta manna a ƙafar amarya bisa zanen da take so, ta lafta jan lalle a kai, ta ɗaure da leda. In an kwance aka ɓare salatif, inda ya rufe yana nan da launin fata, inda aka bari a buɗe ya kama ja. Da rufewa ta yi zanen, lalle cikawa kawai ya yi. Haka marinan Ƙofar Mata a Kano suke ƙulle yadi da zare kafin su tsoma shi a baba. Wannan dabara ta hana aiki isa wani wuri ita ce manhajojin gyaran hoto suke kira mask. Ni a nan lulluɓi zan ce mata.

A 'Yankara, kan titin Funtuwa zuwa Gusau, da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ba mai shiga shagon hoto ya ambaci wannan suna. Cewa ake yi, "Malam, a cire min bayan nan," ko "a yanko shi a haɗa mu." Amma kusan duk abin da ke fita daga shagon ta wannan ƙofa yake bi: fasfo na cike fom, kalandar biki da sitika, banar saukar karatu, fastar ɗan takarar kansila. A zaɓen 2015, sa'ad da "sak" ta cika bakin jama'a, bangon kasuwanni ya cika da 'yan takara kafaɗa da kafaɗa da Muhammadu Buhari, kuma ko yaro ya san hotuna biyu ne aka ɗinke.

Sana'ar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun 1857 Oscar Rejlander ya haɗa gilasan hoto fiye da 30 a Ingila ya fitar da hoto guda, yana rufe sashen takarda yana buɗe wani. Daga baya masu ɗab'i suka koma yankan wata jar leda mai suna Rubylith da wuƙa, saboda takardar wankin hoto ba ta jin jan haske. Shi ya sa har gobe Photoshop yake shafa ja a wurin da ka rufe. Manhajar ta fito a 1990 daga hannun 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, sai a 1994 ta sami damar jera hoto falle-falle, wani kan wani. A Afirka ta Yamma kuwa da labule ake sauya baya. Seydou Keïta na Bamako da zanen gadonsa ya fara, masu hoton garuruwanmu kuma suna da labule mai zanen gidan sama da furanni. Labulen nan yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: hasken da ya sauka kan mutum shi ya sauka kansa, inuwar da ke ƙasa kuma ta gaske ce.

Lulluɓi a kwamfuta hoto ne na biyu da ake ɗorawa kan na farko, ba shi da launi sai baƙi da fari da abin da ke tsakaninsu. Kowane ɗigo yana da lamba daga 0 zuwa 255. Baƙi ƙirin yana ɓoyewa, fari fat yana bayyanawa, ruwan toka kuma yana nuna wani kaso, kamar mai leƙe ta labulen sauro. Hoton asali ba a taɓa shi. In ka yanke wa mutum kunne, sai ka shafa fari a wurin, kunne ya dawo.

A nan ne ƙorafina na farko yake. Yawancin samarin da suka koyi aikin a waya, da PixelLab ko PicsArt, da magogi suka saba. Su goge baya, su ajiye hoton a dunƙule, asalin kuma ya tafi ranar da waya ta cika. In uwar amarya ta dawo bayan sati ta ce an cinye wa 'yarta ɗankunne, ba inda za a samo shi. Ba rashin basira ba ne, domin na ga mai yankan hoto da ɗan yatsa a kan fasasshen gilas, ya fi wasu masu kwamfuta tsabtar aiki. Tun farko ne ba wanda ya nuna musu bambancin gogewa da rufewa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda tufafinmu suke yanke wa sana'ar hukunci. Darussan da ake kallo a YouTube sukan ƙare ne kan gashin Baturiya da iska ke kaɗawa. Mu kanmu a rufe yake. Hijabi da hula zanna-bukar suna da baki mai kaifi, alƙalamin lanƙwasa ya ishe su, wanda lissafinsa ke ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan da ya yi amfani da shi wajen zana jikin motocin Renault a Faransa. Ɗigo ashirin ko talatin, an kewaye mutum. Wahalarmu tana wani wurin: gemu mai furfura, leshi mai huji-huji, amawalin rawani, jelar doki da tunjiminsa a hoton hawan salla, sai uwa uba mayafi shara-shara.

Mayafi shi ne jarrabawar mai yanka. In ka ba shi fari ɗari bisa ɗari, ya zama kamar kwali. In ka ba shi baƙi, amarya ta tsaya ba lulluɓi, magana ta ɓaci. Dole ruwan toka, kuma ba kala ɗaya ba, domin inda ya ninku ya fi kauri da inda ya baje. Ko an dace da wannan, da sauran rina a kaba. Launin da kyamara ta ɗauka a jikin mayafin ya riga ya gauraya da abin da ke bayansa. In katangar jar ƙasa ce, jan yana cikin zaren. Ka ɗauke matar ka ajiye ta gaban shuɗin teku, mayafin zai ci gaba da ba da labarin katangar gidansu. Haka farar shadda take ɗebo ja daga ƙasa da tsakar rana, haka kuma ake samun siririn zobe mai haske kewaye da kan ango. Tun 2010 Photoshop yake da hanyar wanke irin wannan launi daga gefe, amma takan dagula zane, gwanaye sun fi son su buɗe sabon falle su shafa launin da hannu. Mai son auna gwanintar shago ya bar kallon fuska, ya ƙura ido a gefen gyale da ƙarƙashin takalmi. Sau da yawa zai tarar da ango yana shawagi a gaban wani bene na Dubai, ba inuwa, rana na dukan kumatunsa daga dama alhali ta benen daga hagu take.

Yanzu na'ura ta karɓi yankan. A farkon 2018 Adobe ta sa wa manhajarta Photoshop maɓallin da ke gano mutum da kansa, a ƙarshen shekarar kuma wani kamfani a Vienna ya buɗe remove.bg, wanda Canva ta saye a 2021. Dannawa ɗaya, baya ya tafi. Ga fasfo, madalla. Ga babbar riga kuwa, takan ɗauki hannun rigar da ya baje a matsayin bango ta datse shi, ko ta ɗauke allon ɗan sauka ta bar shi riƙe da iska. Na kyautar remove.bg ƙaramin hoto yake bayarwa, in an ja shi a bana sai ya farfashe. Sannan irin waɗannan shafuka da intanet suke numfashi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka kwashe watanni a haka. A irin wannan hali wanda ya dogara da shafukan nan ba shi da abin yi, wanda ya iya yanka da hannu kuwa aikinsa bai tsaya ba.

Ba cire baya kaɗai lulluɓi yake yi ba, kuma aikinsa mafi daraja a wurinmu ba a cika neman sa ba. Baƙin mutum cikin farar riga a rana matsala ce ga kowace kyamara: ta bi fuska aikin wuyan riga ya ƙone, ta bi riga fuska ta nutse a inuwar hula. Da lulluɓin da aka gina daga hasken hoton kansa ana iya ɗaga fuska kaɗan, a sauke riga kaɗan, har zaren aska-takwas ya fito ɗaya bayan ɗaya. Wannan gyara ne. Amma da kayan aikin nan dai ake kewaye fuskar amarya a yi ta ƙara mata fari har danginta su yi ta tambayar wace ce a kalandar, a bar wuya da hannuwa da launin da Allah ya ba su. Mai shago zai ce abin da aka biya shi ke nan, kuma gaskiyarsa ne. Bilicin ne dai da ba ya cin fata.

Bara na kai hoton wani kawunmu da ya rasu wani shago a yankin. Shi kaɗai muke da shi, kuma na taro ne, mutum bakwai a jere ranar wani suna. Yaron shagon ya yanko shi tsaf, har furfurar gemun. Sai ya juyo da allon wajena ya ce, "Baba, yatsun nan fa? In na rufe su, ba kafaɗa a ƙarƙashi." Wanda ke tsaye kusa da kawu ya dafa shi. Ya ce zai iya aro ɗaya kafaɗar ya juya ta ya liƙa, ko ya sa manhaja ta ƙirƙiro sabuwa. Na kira inna na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce a bar masa abinsa yadda yake. Hoton yana rataye a ɗakinta, farin baya, da yatsu huɗu a kafaɗar hagu.