Amsa a cikin tambaya: nazari a kan kayan koyar da sharhin kafofin watsa labarai a darasin Ingilishi na ƙasar Ingila

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala tana duba kayan koyarwar da aka tanadar wa malaman sakandare na ƙasar Ingila domin koyar da abin da suke kira nazarin kafofin watsa labarai, wato jarida da talla da silima da rediyo da telebijin, sannan intanet a baya-bayan nan. Idan muka ce kayan koyarwa muna nufin littafin malami da kundin hotuna da kaset da kuma takardar darasi, wadda malamanmu na koleji da lise suka saba kira fish. Batun ya shafe mu, domin kuwa malamin Ingilishi da ya shiga intanet neman fish, irin waɗannan takardu zai fi tararwa, kuma tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki na Nijar, bukatar kayan koyar da shi sai ƙaruwa. Ya kamata ke nan mu san asalin abin da muke ara.

Ma'auninmu ɗaya ne: idan ɗalibi ya gama aikin da takarda ta ba shi, shin zai iya maimaita shi a kan wata jarida ko wata talla da marubucin takardar bai taɓa gani ba, alhali malami ba ya tsaye a kansa? Ma'aunin nan ba mu muka ƙaga shi ba, na Len Masterman ne, wanda za mu zo kansa a gaba, kuma za mu auna shi da shi kamar kowa.

2. Rigakafi

A Ingila wannan fanni a cikin darasin Ingilishi aka haife shi. Littafin farko da ake lissafawa shi ne Culture and Environment na shekarar 1933, wanda F. R. Leavis na jami'ar Kambirij ya rubuta tare da Denys Thompson, wani malamin sakandare. Ƙaramin littafi ne mai cike da ayyukan aji. Ana sa yaro ya duba talla ya faɗi wane rauni na ɗan Adam take taɓawa, tsoro ne ko kwaɗayi ko son a ce shi ma wayayye ne, ko kuma ya gwada rubutun jarida mai arha da rubutun da marubutan suke ɗauka na kirki. Dole mu yaba masa abu guda: yana tura ɗalibi ya nemo misalai da kansa daga abin da ke yawo a gari. Amma hukuncin an riga an yanke shi tun kafin a buɗe littafin. A wurin Leavis da Thompson talla da silima cuta ce, darasi kuwa rigakafi. Abin da suke gwada zamani da shi shi ne tsohon ƙauyen Ingila na masu sana'ar hannu, irin wanda George Sturt ya siffanta cikin littafinsa na 1923 a kan masassaƙan ƙafafun amalanke. Mai karatu na ƙasarmu ba zai ji wannan kuka baƙo ba, shi ne dai kukan masu cewa rediyo ta kashe tatsuniya, telebijin ta watse dandali.

Stuart Hall, ɗan asalin Jamaika wanda ya taɓa koyarwa a wata sakandare ta kudancin Landan, da Paddy Whannel na sashen ilimi na Cibiyar Silima ta Birtaniya, wato BFI, sun sassauta hukuncin cikin The Popular Arts na 1964. Sun ce a cikin kayan nishaɗin talakawa ma akwai mai kyau akwai marar kyau, aikin malami shi ne ya koya wa yaro bambancewa. Sai dai fim ɗin da suka kira mai kyau yawanci shi ne wanda malami mai digiri yake so.

3. Masterman da tonon asiri

Canji na gaske ya zo da littattafai biyu na Len Masterman, malami a jami'ar Notinham: Teaching about Television na 1980 da Teaching the Media na 1985. Tsakaninsu, a 1982, wakilan ƙasashe 19 suka amince da sanarwar Grünwald a Jamus ƙarƙashin UNESCO, wadda ta nemi a shigar da wannan ilimi makarantu. Masterman ya ajiye tambayar «mai kyau ne ko marar kyau?» gefe guda, ya ɗauko wata daga Roland Barthes: yaya aka gina wannan abu har ya zama kamar haka Allah ya yi shi? A wurinsa akwatin telebijin ba taga ba ce da ake leƙa duniya ta cikinta. Duk abin da ya bayyana, wani ne ya zaɓe shi, ya yanke, ya jera, ya sa masa suna, kuma akwai wanda ya biya kuɗin.

Ayyukan aji da suka yaɗu cikin kundayen wancan zamani, musamman na BFI da na cibiyar malaman Ingilishi ta Landan (an kafa ta a 1975, daga baya ta zama English and Media Centre), su ne mafi inganci cikin duk abin da muka duba. Za mu kawo biyu. Na farko, a ba ɗalibai hoto ɗaya babu rubutu a ƙarƙashinsa, a ce taron mutane ne a bakin wata ƙofa, kowane rukuni ya sa masa taken da wata jarida dabam za ta sa. Kafin a tashi sai ga hoton nan ya zama zanga-zanga a nan, layin masu neman aiki a can, ƴan kallon gobara a wani wuri. Wanda ya karanta sharhin Barthes na 1964 a kan tallar taliyar Panzani ya san ka'idar, wato rubutu shi ke ɗaure wa hoto ma'ana, amma a nan yaro da hannunsa ya ɗaure ta. Na biyu, a mai da aji ɗakin labarai: malami yana miƙo guntayen labarai ɗaya bayan ɗaya, lokaci yana tafiya, gurbin kuwa ba ya ɗaukar fiye da rabinsu. Dole a zubar da wasu, dole a zaɓi na farko. Idan an gama sai a tambayi kowane rukuni dalilin zaɓinsa. Ɗalibin da ya yi gumi a wannan aiki ya fahimci cewa labaran daren jiya ma haka aka yi musu, ba sai an karanta masa wata ka'ida ba. Waɗannan ayyuka biyu sun ci jarrabawar da muka gitta, domin kowane hoto da kowane labari zai shiga cikinsu.

Duk da haka akwai inda Masterman ya saɓa wa ma'auninsa. Yana tsammanin idan aka tone ginin, abu ɗaya za a tarar a ƙasa, wato aƙidar masu mulki da masu dukiya, kuma malami ya riga ɗalibi ganinta. David Buckingham ya soki wannan tun 1986 cikin mujallar Screen, sannan binciken cikin aji da ya tattara a Watching Media Learning na 1990 ya nuna yadda yara ke saurin gane abin da malami yake son ji. Yarinya za ta rubuta cewa mujallar ƴan mata tana raina mace, ta karɓi makinta, ta fita ta sayi ta wannan mako. Ba munafunci ta yi ba. Takardar ce ba ta bar mata gurbin faɗin abin da ke ba ta daɗi a mujallar ba, shi ya sa ba a taɓa nazarinsa ba. Amsar 1985 ta bambanta da ta 1933, amma ita ma tana kwance cikin tambayar. Ga kuma ɗari-ɗarin da Masterman ya yi da aikin hannu, yana tsoron kada yara su ɓuge da kwaikwayon ƴan jarida, alhali a ganinmu wanda ya taɓa yanke hira ta minti goma ta koma minti ɗaya ya fi kowa sanin abin da almakashi ke yi wa magana.

4. Daga 2014 zuwa yau

A 1988 aka fara rubuta jarrabawar GCSE, wadda ake yi a shekara 16, kusan matsayin birbe a wurinmu, kuma nazarin kafofin watsa labarai yana cikin darussanta. Rahoton Cox na 1989 ya ba shi gurbi cikin darasin Ingilishi na kowane yaro, BFI kuma ta tsara shi a kan ginshiƙai shida. Wannan zama tare ya ƙare a zamanin ministan ilimi Michael Gove. Tsarin karatu na 2014 ya cire batun daga darasin Ingilishi, sabuwar jarrabawar harshen ta koma kan matanin ƙarni na 19 da na 20 da na 21, aka kuma hana sa rubutu mai gushewa da sauri irin na labaran intanet. Darasin kafofin da ya saura shi kaɗai, na zaɓi, an sake masa fasali daga 2017: kashi 70 cikin ɗari jarrabawar rubutu, kashi 30 aikin hannu, hukumomin jarrabawa su ke fitar da jerin kayan da za a nazarta, a babban mataki kuma an lissafa masana kusan 20 da sunayensu, daga Barthes da Todorov da Lévi-Strauss har Judith Butler da Paul Gilroy.

Kayan koyarwa kullum jarrabawa suke bi. Tun da hukumar Eduqas ta sa tallar alewar Quality Street ta 1956 cikin jerinta, sai takardu suka cika intanet a kan wannan talla guda: ga ma'anar launin, ga ma'anar zaman namijin tsakanin mata biyu, ga halin Ingila bayan an daina rabon sukari da kati. An tsara su da kyau, kuma malamin da ke da aji biyar a rana ba za mu ga laifinsa ba idan ya ɗauka. Gaskiya ne kuma jarrabawar tana kawo wani baƙon abu a gwada shi da wanda aka karanta. Amma takarda mai shafi ɗaya wadda ta taƙaita Barthes cikin layi uku, ta kuma jera amsoshi a gefe, hadda take koyarwa. Fannin da aka kafa don yaro ya tuhumi rubutu ya koma ba shi sharhin da zai haddace. Faransa ta bi wata hanya da ta fi kusa da ma'auninmu: cibiyar CLEMI da aka kafa a 1983 tana shirya makon jarida a makaranta tun 1990, inda gidajen jaridu ke aika wa makarantu jaridunsu kyauta. Abin da ke hannun ɗalibi sabo ne, babu wanda ya riga ya rubuta masa amsa. Rauninsa shi ne mako guda ne a shekara.

5. Abin da ke iya ƙetarowa

Marubucin takarda a Landan ya ɗauka Ingilishi harshen gida ne ga yaron, wahalar tana cikin sharhin. Ɗalibinmu a siziyam ya fara Ingilishi, bayan Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak da kuma Faransanci. Idan aka ɗora masa tallar 1956, kaya uku aka aza masa lokaci guda: harshen, da tarihin wata ƙasa, da ka'idar. Abin da zai yi shi ne ya kwafe cikin kaye. Misalan ke nan ba sa ƙetarowa. Tambayoyin su ke ƙetarowa: wa ya yi, wa ya biya, wa ake nufi da shi, me aka bari ba a faɗa ba.

Akwai ma inda ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ya fi na Landan jari, domin labari ɗaya yana iso masa cikin harsuna uku. BBC tana watsa shiri da Hausa tun 1957, kuma gida ɗaya kan ba da labarin da Hausa da Faransanci da Ingilishi. Inda wani ya ce gunmen wani ya ce bandits wani ya ce terrorists, Hausa ma tana da ƴan bindiga da ƴan fashin daji da ƴan ta'adda, kuma ba lalle kowace ta faɗa kan takwararta ba. Darasin kalmomi ne, darasin sharhi ne kuma.

Nahawu ma haka. A 1979, cikin Language and Control, Tony Trew ya gwada yadda jaridun Guardian da Times suka ba da labarin harbin da ƴan sanda suka yi a Salisbury ta Rodeshiya, Harare ta yau, a watan Yuni 1975. Guardian ta sa ƴan sanda a farkon jimla a matsayin masu aikatawa. Times ta juya jimlar, ta fara da waɗanda aka harbe tana kiran su masu tarzoma, ƴan sandan suka koma baya. Wannan juyin jimla shi ne malamanmu ke koyarwa kowace shekara da misalan da ba su da jini a jika, irin su an ci mangwaro. Bahaushe kuwa ya san «an» sarai: «an kama», «an kashe», «an ce», ya san lokacin da ake fakewa da ita don kada a kama suna. Kanun labarai biyu a tabulo da alli sun isa, ba a bukatar fotokofi ko lantarki.

Matsala ɗaya ce takardun Ingila ba su tanada ba, domin ba ta taso musu da irin wannan nauyi ba. Tallar alewa ta 1956 ba ta da mai jin haushi. Labarin jiya na kan iyaka yana da shi, kuma a aji guda ana iya samun ɗan soja da ɗan wanda aka sace da ɗan wanda ake zargi. Malamin da ya rubuta kanun nan biyu a tabulo yana bukatar ya san darektansa da ansifekta sun amince da darasin, kuma a rubuce yake cikin tsarin karatu. Kafin a samu haka, ya fi masa sauƙi ya fara da labarin ƙwallo ko na farashin gero ko da rubutun Ingilishi na jikin kwalin magani da ake tallarsa a tasha, inda ake iya tambayar wa ya yi, wa ya biya, ba tare da an kira shi ofis washegari ba.