Ninkin biki riba ne? Waiwaye kan binciken Guy Nicolas a ƙasar Kance

Ɗalibanmu masu nazarin ƙungiyoyin Matamaye sukan fara da doka mai lamba 84-06 ta 1984, wadda ta tsara kafa ƙungiyoyi a Nijar. A ganinmu an soma da baya: dokar ba ta san gayya ko adashi ba, tun da babu mai kai su rajista.

Gara su soma da binciken Guy Nicolas na 1965 kan zagayawar dukiya a ƙasar Kance. Can za su tarar da biki, wato gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, a mayar mata da ninki idan nata ya zo. To, ninkin nan riba ne? Mai lissafi zai ce i. Matan Kance kuwa zumunci suke kiransa. Ke nan fassara «but non lucratif» da «rashin neman riba» ba ta warware mana komai a nan.

Cikas ɗin aikin, da Faransanci aka rubuta shi. Ɗalibi Bahaushe kan ci karo da «don», ya ɗauka kyauta ake nufi, alhali uwarsa ta san biki bashi ne.