Tafiya Ba Gumi: Matashi da Dawa a Ƙagaggun Labaran Hausa

A wannan maƙala muna so mu ɗan yi tsokaci a kan wani giɓi da manazarta ba su cika kula da shi ba. Ƙagaggun labaranmu cike suke da matafiya, amma da wuya a sami tauraron da ya fita dawa, ko ya hau dutse, ko ya sheƙa da gudu don sha'awar abin kawai.

Mu duba littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar Kwantagora ne don ya wanke Liman daga kunyar da ya sha a fada. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, bauta ce ta raba Umar da gida har ta ƙetarar da shi Sahara. Ganɗoki kuwa mayaƙi ne. Kowannensu dole ce ta fitar da shi. Hanya a wurin waɗannan marubuta igiya ce ta ɗaure labari da labari, shi ya sa mai karatu zai fi tuna Malam Zurƙe a kan duk wani kwari ko tudu da Alhaji ya ratsa.

Inda abin ya fi ba mu takaici shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951. Tushen labarin na Rasha ne, wato jarumin nan Iliya Muromets, kuma Kib da Waldima na cikin littafin su ne Kiev da sarkinta Vladimir. Ga yaro ya shafe shekaru a zaune ba ya iya miƙewa, rana ɗaya aka ba shi lafiya da ƙarfi. Babu wanda ya kai shi sanin daɗin ƙafa. A ganinmu nan ne zuciyar labarin take: yadda tafin ƙafa ke jin ƙasa, yadda numfashi ke sarƙewa, da murnar da ke sa mutum gudu ba wanda ya kore shi. Amma marubucin gaggawa yake yi ya ɗora shi a kan doki ya tura shi fagen fama. Ƙarfin ya zama makami tun kafin mu ji daɗinsa tare da mai shi.

Akwai dalili. Salon tatsuniya da hikayoyin Larabawa da marubutan farko suka gada ya fi damuwa da abin da ya faru a kan yadda aka ji shi a jiki. Ga kuma tarbiyya, wadda ke ɗaukar babban mutum da gudu a matsayin zubar da girma, dawa kuma mazaunin iskoki da namun daji, wurin mafarauci da makiyayi. Adabin kasuwar Kano na shekarun 1990 ya kawo matasa gaba, sai dai galibi ya zaunar da su a zaure da cikin mota suna zance.

To amma yaron Bahaushe ba haka yake ba. Yana langa, yana hawan kanya da tsamiya, yana rige-rigen kai wa ƙolin Dala ko Kufena. Ɗalibanmu da dama sun hau duwatsun Shere na Jos, wasu sun hau Olumo a Abeokuta. Harshen ma bai gaza ba: muna da sassarfa, da sukuwa, da haki, da ɗingishi, da rarrafe, da tsalle-tsalle, ga amsa-kama irin su fuu da tiɓis.

Duk da haka, a yawancin labaran da ake aiko wa wannan mujalla, da zarar tauraro ya doshi dutse sai mu tsince shi a kansa a jimla ta gaba, rigarsa ko ƙura babu. Muna so mu san inda ya sa ƙafa, da abin da ya kama da santsi ya kwashe shi, da yadda garinsu ya koma a idonsa da ya waiwayo.