Tarken Labarin Sarautar Malam Zaki na Katagum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce duba yadda adabin baka ke sarrafa tarihin sarki. Misalin da aka ɗauka shi ne Malam Ibrahim Zaki, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa masarautar Katagum ya kuma rasu a 1814. Littafin Victor Low na 1972 kan Gombe da Katagum da Haɗeja ya dogara ƙwarai ga ruwayoyin baka, don haka tantance waɗannan ruwayoyi ya zama wajibi.

2.0 Kambamawa

Jigon labarin Malam Zaki jarunta ne da malanta. Gaskiya ne ya ci Shira da Tashena, har ya shiga Birnin Gazargamu, kuma magadansa sun riƙe laƙabin Sarkin Barno. Sai dai zamansa a birnin bai yi tsawo ba, domin Barno ta farfaɗo da taimakon Shehu Muhammadu El-Kanemi. Laƙabin ya adana shigar, ya yi shiru game da fitar.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba. A Indiya, waƙar da aka tsara wa Sarki Prithviraj Chauhan ta nuna shi ne ya kashe Muhammadu Ghuri, alhali Ghuri ne ya ci shi da yaƙi a 1192, ya kuma rayu har 1206. Maroƙi ko'ina yake, darajar ubangidansa yake karewa.

3.0 Waɗanda Aka Rufe Bakinsu

Babban giɓin labarin shi ne muryar waɗanda aka ci da yaƙi. Shira da Tashena da Auyo masarautu ne da suka daɗe kafin jihadi, kowace da harshenta, dangin Bade da Ngizim. Waɗannan harsuna sun mutu, Hausa ta gaje gurbinsu. Harshe kuwa in ya mutu, da kirarinsa da waƙoƙinsa yake tafiya. Ɗalibi a Bulkachuwa ko Azare ya gaji labarin ne daga ɓangare guda.

4.0 Kammalawa

Wannan tarke bai rage wa Malam Zaki daraja ba. Abin da ya kamata shi ne manazarta su auna ruwayar fada da ta ƙauyuka, da sunayen garuruwa da na sarautu, tun dattawan da ke riƙe da ragowar labarin ba su ƙare ba.